Hoton Saratu a Ƙasar Mutane

Tun a filin jirgin da muka ya da zango na gane cewa tafiyar nan sai na buɗe ido. Ina zaune na rungume jakata, Dakta Mansir ya tafi neman ƙofar da za mu bi mu hau jirgi na biyu, sai ga wani mutum fes da shi, yana ƙamshin turare, ya rusuna ya gaishe ni da Hausa. Ya tambayi gida, ya tambayi maigida, ya ce shi ma kakarsa Bakatsiniya ce. Da gaisuwa ta yi tsawo sai ya fito da wani ƙunshi, wai maganin mahaifiyarsa ne, in taimaka in riƙe masa, wani zai karɓa a can. Na tambaye shi unguwar kakar tasa. Ya ce kusa da kasuwa. Na ce Allah ya ba mahaifiyarsa lafiya, amma hannuna a cike yake. Ya miƙe ko sallama babu.

Da Dakta ya dawo na ba shi labari, ya yi dariya ya ce ni dai Hajiya ban yarda da kowa ba. Hajiya yake ce mini alhali ya san ban taɓa zuwa Makka ba, wannan ma shi ne shigata jirgi na farko. Rashin yarda kuwa sana'a ce ta koya mini. Sunana Dije, dillaliya ce ni a Ƙofar Marusa. Ina ɗauko atamfa da kwanuka da zannuwan gado daga Babbar Kasuwa in bi gida gida, kuma matar da ta fi kowa rantsuwa ita nake fara lura da hannunta.

Dillancin ne ma ya jawo mini tafiyar. Mai shiga gidaje ita ta san katangar da ta tsage da ɗakin da rufinsa ya yi ciki. Unguwarmu rabinta ginin ƙasa ne, in damina ta yi nisa kwatoci suka cika, ruwa sai ya kwanta a gindin gini. Maza suna iya yashe kwata a waje, amma ba su da ikon wuce zauren wani su ga abin da ke ciki, matan kuma nauyin baki ba ya barin su ce wa miji ɗakin da ya ajiye su zai faɗi. Sai na tara wasu mata muka riƙa dubawa tun kafin ruwa ya sauka. In an yi mai ƙarfi mu bi gidajen da muka sani muna buga tasa, mu kwashe mata da yara zuwa makarantar da ke da ginin siminti. Mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Dakta Mansir, mai wata ƙungiya da ofis mai labule, shi ya ji labari ya zo ya ce abin da muke yi har taron duniya ake yi a kansa, inda mutanen ƙasashen girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya suke haɗuwa suna koya wa juna yadda za a rage ɓarna kafin ta auku. Ya ce bana ana son a ji daga bakin irinmu, shi kuma zai yi mini tafinta.

Maigidana Malam Lawal tela ne, mutum mai sanyin hali. Da ya yarda in tafi, majalisarsu ta sa shi gaba da tsiya, wai matarsa za ta ƙasar Turawa shi an bar shi da gadin keken ɗinki. Abin da ya riƙe yana kare kansa da shi shi ne alkawarin Dakta, cewa ranar rufe taro za a nuna mu kai tsaye, kowa ya ga Dije tana jawabi. Mai gidan kallon ƙwallo na bakin titi ya ce ranar kyauta zai buɗe, mai unguwa kuma ya ce da shi za a yi.

Birnin da muka sauka a bakin wani tafki yake, da sanyi mai shiga ƙashi. Tun ban fita daga filin jirgi ba wani ma'aikaci da karensa suka raba ni da kilishin da Malam ya yi mini guzuri. Wai ƙonawa za a yi. Ni dai na ga yadda ya shinshina shi kafin ya ajiye. A mota Dakta ya ce in kawo fasfona ya adana mini, na ce ya gode, na soke abina a lalita.

A otal aka ba ni ɗaki ni kaɗai, da gado wanda zai ɗauki 'ya'yana duka. Shirun wurin ne ya fara karya ni. Babu kukan akuya, babu maƙwabciya mai daka, babu kiran salla ko daga nesa. Na leƙa taga in nemi rana in gane gabas, sama duk fari ɗaya. Na zauna a bakin gado da sallaya a hannu, hawaye suka zubo mini, ni da mutane ke cewa idona a bushe yake. Naman da suke jerawa a ɗakin cin abinci ban taɓa shi ba, don ban san wanda ya yanka ba. Burodi da shayi na riƙa yi, sai ɗan ƙuliƙulin da kare bai gano ba.

Washegari da safe mai gyaran ɗaki ta shigo, baƙar fata, ta ga sallayata a shimfiɗe sai ta ce mini da Hausa na ba alƙibla baya. Nan take na tuna mai ƙunshi. Na ja jakata kusa, na tambaye ta garinsu. Ta ce Maraɗi, sunanta Ramatu, aure ya kawo ta, auren ya ƙare ita ta zauna. Na yi mata tambayoyin da sai wanda ya san hanyar Jibiya zai amsa, ta amsa tana dariya, ta ce ko ɗan sanda bai taɓa titsiye ta haka ba. Kashegari ta zo mini da tuwon shinkafa da miyar kuka a kula. Na jira in ji abin da za ta roƙa a kai. Har na baro ƙasar ba ta roƙi komai ba.

Shi kansa taron, gaskiya na ga abin da ban zata ba. Zaure ne wanda ya fi filin makarantarmu girma, kowa da abin saƙalawa a kunne yana jin magana da harshen da ya iya. Hausa babu a ciki, sai abin da Dakta ya raɗa mini. Wani tsoho ya nuna yadda a ƙasarsu ake koya wa yara shigewa ƙarƙashin tebur in ƙasa ta motsa. Wata mata daga tsibiri ta ce su masunta ne ke kawo labarin guguwa, matan gari su ɗaɗɗaure rufi da igiya. Wannan ta burge ni, don hannunta irin namu ne, duk kanta. Amma akwai kuma masu kwat da suke bin mutum da murmushi da kyamara, su dafa kafaɗarka a ɗauka, su wuce ko sunanka ba su tambaya ba.

Tafintar Dakta ita ma na sa mata ido. In aka tambaye ni na amsa da magana gajera, shi sai ya ɗauki dogon zango yana juya hannu. Turanci ba na ji sai tsinta tsinta, amma sunan ƙungiyarsa na san shi, kuma na riƙa jin yana fitowa a inda ni ban ambace shi ba. Na yi masa magana, ya ce Turanci ne haka yake, ya fi Hausa tsawo. Na bar shi a kan haka.

Ana gobe rufe taro aka kira mu masu jawabi mu gwada hawa dandamali. Zaman na talakawa ne zalla, mu da muka fito daga unguwanni da ƙauyuka, masu digiri an ce su zauna su saurara. A bayan mai magana akwai ƙaton allo, da zarar ka isa gaban lasifika mai kula da na'ura zai danna, hoton garinku ya fito. Na hau ina gyara mayafi, na ji zauren ya yi tsit, na waiwaya. Saratu ce.

Saratu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. A daminar nan ɗaki ya rufta wa mijinta Malam Isiya ya rasu, ya koma ɗauko buhun gero ne bayan mun fitar da ita da yaran. Ita mace ce wadda abokan mijinta ma ba su san fuskarta sosai ba, ko biki za ta sai ta lulluɓe har ƙasa. Ga ta nan a allo ta fi ƙofar gari tsawo, zaune a kan ɓaraguzan ɗakinta, kanta ba ɗankwali, kitso a tsefe, zane ɗaurin ƙirji ya jiƙe ya manne mata a jiki, baki buɗe tana kuka. Da safen da abin ya faru ni ina gidanmu da 'ya'yanta. Ashe Dakta ya zo da mai ɗaukar hoto, kuma tun da katangar gidan ta faɗi, babu zauren da za a tsaya a yi sallama, shiga kawai suka yi.

A lokacin Saratu tana cikin takaba. Ƙannen mijinta kuwa tun ranar sadakar uku suke neman hujjar karɓe yaran, suna yawo da zancen wai ba ta da kamun kai. Su ne kuma ba sa fashin gidan kallo. Na ga zauren nan na bakin titi a idona, cike da mazan unguwa, da mai unguwa a kujerar gaba, da Saratu haka a gabansu.

Ban san sanda na sauko ba. Na ja Dakta gefe na ce, "Dakta, wa ya ba ka izinin wanga hoto? Matar mutane ce, cikin takaba take."

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Nan ba wanda ya san ta. Irin wanga hoton shi ke taɓa zuciyar masu taimako. Don su muke yi."

"Gobe kau gidan kallo wa zai gani? Turawa?"

Da alama bai kawo wannan a ransa ba, ko kuma ya kawo bai dame shi ba. Sai ya ce zai yi magana a canza. Ya faɗe shi da sauri, irin yadda mai bashin atamfa take cewa in dawo jibi.

Ban tsaya jiransa ba. Na koma otal na samu Ramatu ta tashi aiki, na roƙe ta ta raka ni wurin shugabar zaman, wata doguwar Baturiya mai furfura. Ramatu ta ce ba a son ma'aikata su shiga harkar baƙi, amma ta ɗauki rigar sanyinta muka tafi. Ta yi bayani da harshen garin, Baturiyar ta saurara, ta kama hannuna biyu, fuskarta kamar za ta yi kuka. Ta ce za ta bincika. Binciken nata shi ne ta kira Dakta. Na tsaya daga nesa ina kallonsu, yana magana yana nuna ni yana dafa ƙirji, ita tana gyaɗa kai, har daga baya suka yi 'yar dariya. Ramatu ta kasa kunne ta ce mini abin da ta tsinta: wai iyalin sun yarda, ni ce tsoron taro ya kama nake neman hanyar zillewa. Da ya dawo wurinmu cewa ya yi an gama, an sa hoton kwata a madadinsa.

Da yamma Malam ya kira ni. Murna fal a muryarsa. Ya ce an ɗauko ƙarin benci daga makaranta, mai gidan kallo ya sayi man janareta ko da za a ɗauke wuta, shi kuma ya ɗinka sabuwar riga. Ya ce, "Dije, gobe dai ki hidda ni kunya." Na buɗe baki in gaya masa, na fasa. Malam mutumin kirki ne, amma ya sha dariya a majalisa, kuma na san in aka matsa masa zai kare kansa da gaskiyar magana, zancen hoton ya zaga unguwa ko ba a gan shi ba. Na ce masa Allah ya kai mu.

Ranar rufewa aka jera mu a kujerun gefe, kusa da teburin mai na'ura. Dakta aka kai shi can baya cikin wani ɗakin gilashi inda tafintoci suke zama. Na sa atamfata mai ruwan goro, na haddace abin da zan faɗa tsaf: yadda ake gane katangar da ta sha ruwa, da dalilin da ya sa sai mace ce za ta iya fitar da mace daga ɗakinta. Na so in faɗe shi, wallahi na so. Shekaru nake bin gidaje ana ce mini uwar shisshigi, yau ga duniya ta zauna za ta saurare ni.

Matar tsibirin nan ce kafin ni. Da ta hau sai na miƙa wuya na leƙa ƙaramin allon da ke gaban mai na'ura. Hoton garinsu ne babba, a gefensa kuma ɗan ƙarami, wanda ke jiran layi. Ko daga nesa na gane kitson Saratu. Na taɓa hannun saurayin mai na'urar, na nuna hoton, na girgiza kai, na ce masa a'a da Hausa da duk Turancin da na mallaka. Ya yi mini murmushi, ya ɗaga babban yatsa, ya mai da abin kunnensa. Na waiga wajen ɗakin gilashi, Dakta yana duba wayarsa.

Aka tafa wa matar tsibiri. Baturiyar ta kira sunana, ta kira Katsina, ta faɗe shi a karkace. Yatsan saurayin yana kan madanni, jira yake in isa gaban lasifika. Na san ban isa in hana hoton nan yawo a duniya ba, wataƙila ma ya riga ya shiga inda ban sani ba. Amma allon gidan kallo na Ƙofar Marusa, a wannan ranar, yana hannuna. Na gyara zama na sunkuyar da kai.

Ta sake kira. Kyamara ta juyo ta tsaya a kaina, na ga fuskata a ƙaton allo, tsohuwar dillaliya ta ƙura wa cinyarta ido. Matar tsibirin da ta dawo kujerarta ta dafa bayana tana raɗa mini wani abu mai taushi, a zatonta tsoro ne. Zufa ta karyo mini a cikin wannan sanyi. Ina jin Malam a raina, da sabuwar rigarsa, a tsakiyar mutane. Su kuwa mutanen can ba sa wasa da lokaci. Baturiyar ta faɗi wata magana aka ɗan tafa, ta kira na gaba, saurayin ya tsallake Saratu ya fito da wani dutse mai hayaƙi.

Dakta bai yi mini magana ba sai a jirgi. Ya ce na zubar masa da mutunci, na kuma toshe wa unguwarmu hanyar alheri. Na tambaye shi ina hoton kwatar da ya ce an sa. Ya ce mantuwa aka yi. Wataƙila mantuwar ce, Allah ya bar wa kansa sani. Ramatu kaɗai ta raka ni bakin mota, ta ba ni saƙon sabulu in kai wa gyatumarta in na sami mai zuwa Maraɗi, shi ma sai da ta buɗe shi a gabana tana dariya.

A gida ba wanda ya tare ni da guɗa. Malam ya karɓi jakata ya yi mini sannu da hanya, bai ƙara komai ba, kuma ya daina fita majalisa. A gidajen da nake shiga da kaya labari ya kasu. Wasu suka ce baki ne aka yi mini. Wasu suka ce dama ba ni ke aikin ba, suna kawai na ci. Wata ma cewa ta yi yawon buɗe ido na tafi da sunan taro. Ni da na saba auna mutane da ido, sai ga shi ni ake aunawa, ana shiru in na shigo tsakar gida.

Da na huta na shiga wurin Saratu. Tana ɗaki ɗayan da ya tsira, an kewaye mata gidan da zana, tana zaune kan tabarma cikin farin mayafi, ƙaramin ɗanta yana barci a cinyarta. Yaran duk suna nan wurinta. Muka gaisa, na sake yi mata gaisuwar rashi, ta tambaye ni hanya da sanyi. Sai ta kama hannuna ta rage murya.

"Yaya Dije, na ji abin da ake ta hwaɗi. Na ce masu su bar ki haka nan. Ke da kika hidda mu cikin ruwa, don kin ga taron Turawa gabanki ya hwaɗi, mi ne ne abin kunya a ciki?"

Na dubi fuskarta a cikin mayafin, ba a ganin ko silin gashinta.

"Tsoro ne ya kama ni, Saratu," na ce.

"Ai na sani," in ji ta. "Allah ya sa shi ne iyakar wahala."

Na ce amin, na jawo ƙullin kayana na fara kwancewa.